Jar Igiyar Ba-Ribas

Mahaifinmu direban babbar mota ne, kuma tun kafin a haife ni abokan aikinsa suka laƙaba masa suna Ba-Ribas. Wai in ya shiga layi ya tarar a toshe, gara ya sauko ya yi ta rigima da katanga da ya koma da baya. A gida ma haka yake. Ko asibiti za a kai shi da zazzaɓi, shi zai tuƙa, mai lafiya ya zauna a gefe.

Ni kuwa tela na fito. Ya so in gaje shi, ya ɗora ni gaban sitiyari sau ɗaya, na bi ta kan bahon wankin Inna. Ya ce in sauka in nemi sana'ar da ake yi a zaune wuri guda. Tun daga ranar "Malam Tela" yake kirana, kuma da jin yadda yake jan "Malam" ɗin ka san ba girmamawa ba ce.

Bara hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, amma hannun hagu da ƙafar hagu suka ƙi dawowa yadda suke, likita ya ce tuƙi ya ƙare. Yana da ɗan lambu a bayan gari, lemo da gwaiba da ya riƙa dasawa duk sanda ya dawo daga tafiya. Na ce ya zo in goya shi a babur ɗina mu je ya gani.

"Ni buhu ne da za a ɗaura ni a baya?" in ji shi.

Daga nan ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Abinci sai ya taɓa ya ture. Mutumin da muryarsa ke tashin layi guda ya koma sai ka matsa kusa kake jinsa. Gaskiya na tsorata, don ina ganin yadda yake ƙarewa a hankali, mu kuma mun zuba ido.

A wajen wani mai sayar da kayan gwanjo na ga wani babur. Ɗan ƙarami ne mai ƙafa huɗu, ba canjin giya, totur ɗinsa da babban yatsan dama ake dannawa. Mai kayan ya tayar, ya kama nan take. Na ce shi ke nan, an gama: ba ya faɗuwa, kuma Baba ne zai riƙe kan da kansa. Na sa aka kawo gida, na wanke shi tas, na cire duk wani tarkace da ke lilo a jikinsa. Har wandon hawa na ɗinka wa Baba, mai tsukakkiyar ƙafa don kada sarƙa ta kama. Tela dai ba ya rasa inda zai cusa sana'arsa.

Da ƙyar Inna ta lallashe shi ya sa wandon, ya dogara sanda ya zo bakin taga. Na murɗa makulli ina wani hura hanci, na danna sitata. Injin ya yi ta kirkirkir, ya ƙi kamawa. Na sake, na sake, har batir ya fara nishi. Baba ya dube ni, ya dubi babur, ya saki labule.

Sai na zama bakanike da ƙarfin tsiya. Na kunna waya ina kallon wasu mutane suna gyara irinsa a yaren da ba na ji, ina gyaɗa kai. Na kai batir caji. Na zubar da man tanki na zuba sabo. Na wanke soson iska da sabulun wanki. Da duk suka ƙi, na kwance kafireta na kai ta kan teburin yanka, na jera kayan cikinta a kan farin yadi, na bi kowane rami da allura, don ita kaɗai na iya riƙewa. Da na haɗa, wani ɗan siririn sifirin ya rage a hannuna.

"Wannan fa?" Inna ta tambaya.

"Ƙari ne, Inna. Haka suke zuwa."

Ina tsugune ina murɗa wani noti da filaya sai na ji tsawa daga taga.

"Kai, Malam Tela! Wa ya ce maka da wannan ake ɗaure noti?"

Filayar ta faɗi. Rabon da in ji wannan muryar har na manta. Inna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Kawo min kujera kafin ka ƙarasa kashe shi."

Ya fito yana jan ƙafa, ya zauna. Da farko ya sa na mai da sifirin ɗin inda ya fito, yana tambayata ko haka nake yi wa mutane, in ba su riga in ce hannu ɗaya ƙari ne. Sannan ya ce inji abu uku yake ci: mai, iska, wuta. Ya sa na ciro fulogi, ya shinshina.

"Mai yana zuwa. Jingina shi da jikin ƙarfe ka danna."

Na riƙe da hannu tsirara na danna. Ko ƙyas.

"Ka ci sa'a babu wuta, da yau ka yi mana rawa. Wani abu ne ke kashe ta. Bi waya."

Yana nuni da sanda ina bi da rarrafe, daga makulli zuwa ƙarƙashin kujera, har can baya. A nan wayar ta ƙare a jikin wani ɗan baƙin maɓalli da ya turo kai. Gefensa akwai hoto da ya koɗe, wanda na goge da tsumma ranar wanki ban ko kalla ba: yaro a kan babur, babba a baya riƙe da igiya.

"Ka gani?" Baba ya ce. "Murfi ne ke danne wannan. In yaro ya yi gudu, uban ya ja igiya, murfi ya fita, inji ya mutu. Ina igiyar?"

Na tuna jar igiya mai santsi da na cire, na ce kai, wannan ta fi ƙarfin shara. Murfin robar na jefa shi cikin gwangwanin maɓallai. Igiyar kuwa, idona ya sauka a ƙugun Baba. Shi ma ya bi idona ya duba. Ga ta nan ja wur, ita ce zariyar sabon wandonsa.

Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Baba bai yi ba. Hoton yake kallo.

"Wato na yara ne."

"Baba, ai manya ma suna..."

"Na yara ne."

Dariyar Inna ta ɗauke. Na ji kamar in nutse. Na so in mai da masa girmansa, na ɓige da sayo masa abin wasan yara, da igiya kuma kamar ta akuya. Na jira ya tashi ya koma ɗaki, na san in ya shiga wannan karon ba zai sake fitowa ba.

Ya miƙa hannun hagu ya ɗora a kan birki. Ya matsa. Yatsun suka yi rawa, birkin bai ko motsa ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce wa Inna ta samo masa ƙyalle, ya kwance ɗaurin, ya zare igiyar daga ƙugunsa ya miƙo min.

Na zazzage gwangwanin maɓallai na nemo murfin, na ɗaura, na danna shi a mazauninsa. Taɓawa ɗaya injin ya kama.

Washegari da hantsi muka fita. Ciwo ya rage masa nauyi, babur ɗin ko a jikinsa. Ya ja min kunne tun daga ƙofa: "In ka ja ban ce ba, ni da kai ne." Ga ni nan, magidanci da tumbi, ina sassarfa a bayan ubana da jar igiya a hannu, silifas na ta fat-fat, maƙwabta sun fito suna kallo, shi kuma yana daka musu tsawa su kauce. A wata kwana zuciyata ta ce ja, na cije ban ja ba.

Da muka doshi shingen lambun ya saki totur, babur na ta gangarawa. Bai waiwayo ba.

"Tela, ja."

Na ja. Injin ya mutu, babur ya tsaya dab da ƙofa. Na zube a gindin lemo ina haki, ƙwalla ta haɗu da gumi. Shi kuwa yana zaune yana bin bishiyoyinsa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Can ya goge ido da bayan hannu, ya ce gwaibar nan tana son sassabe. Sannan ya dubi ƙafata.

"Gobe ka sa takalmin kirki. Silifas ba na gudu ba ne."