Nonon Inna Daso a Sentul

Duk Bahaushen da ya zauna a benenmu na unguwar Sentul, nan ƙasar waje, ya san Hureira da abu biyu: ba ta da yawan magana, kuma ba a taɓa mata kabad ɗin ƙasa na kicin. Ni Ruƙayyatu, da ƙofata ke kallon tata, ga ni da shegen son jin ƙwaƙwaf, sai da na yi wata uku ina kewaye-kewaye kafin ta buɗe min. Na zaci zinari zan gani. Ashe ƙwarya ce rufe da faifai, an naɗe ta da baƙin zane kamar jinjiri.

"Kindirmo ne," in ji ta. "Rufe, yana barci."

'Yar Ringim ce, mahaifiyarta Inna Daso kuma mai sayar da nono ce tun tana budurwa. Da gwamnati ta turo mijin Hureira, Malam Datti, karatun digiri na uku a fannin kimiyyar abinci, sauran matan ɗalibai sun cika akwati da kuka da daddawa. Ita kuwa tsohuwar sai ta tsoma farin ƙyalle a nononta, ta shanya shi a inuwar ɗaki, ta ninke ta miƙa mata. Da suka sauka Hureira ta jiƙa ƙyallen a madara mai ɗumi, iri ya farka. Tun daga ranar, duk wanda ta haɗa sai ta rage cokali biyu na haɗa na gaba. Doka ɗaya aka haɗo ta da ita: nono ba ya son ido, ba ya son haske. Na tambaye ta dalili ya fi sau goma, amsar ba ta canzawa: "Haka Inna ta ce."

Abin da ya ƙara rura min wutar tambaya shi ne maƙwabcinmu na ƙarshen baranda, Ankul Perumal, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Ba'indiye. Da korona ta zo aka kulle gari, ba fita sai sayen abinci, sai na lura yana shanya baƙaƙen safa birjik, alhali a silifa yake yawo. Ran nan na tsaya daga nesa, takunkumi a fuska, na tambaye shi.

"Ba tawa ba ce lah," ya ce yana dariya, da "lah" ɗin nan na 'yan garin, "ta kwalabe ce."

Ashe giyarsa yake dafawa a gida tunda an rufe wurin da yake zuwa, kowace kwalba kuma sai ya sa mata safa ya tura cikin kabad. Wai in haske ya taɓa ta tana tsima, wari take yi kamar na jaɓa. Na yi a'uziyya a zuci, amma fa na ƙaru. Na je da gudu na faɗa wa Hureira cewa Inna Daso da mai giya bakinsu ɗaya. Ta harare ni, sannan ta yi murmushi.

A kulle na biyu, cikin Yunin 2021, aka bugo waya daga Ringim: Inna Daso ta rasu. Ba jirgi, ba hanya. Ta'aziyya ma daga bakin ƙofa muka yi mata. Ban ga hawayenta ba, sai dai daga ranar kullum da hantsi nakan ji ƙarar kabad ɗin nan. Ƙyallen ya daɗe da lalacewa. Abin da ya rage mata daga hannun uwarta cokali biyun nan ne kawai.

To, a nan Malam Datti ya shigo. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma an rufe masa ɗakin gwaji, zaman gida ya ishe shi, mai ilimi kuwa in ya rasa abin bincike sai ya waiwayi kicin ɗin matarsa. Zazzaɓi ya kwantar da Hureira kwana huɗu, ya ce ta huta, shi zai kula da nonon. Ya dubi ƙwarya ya ga ba tsafta irin ta boko. Ya juye iri duka a kwalbar gilashi garai-garai, ya ɗora a taga inda zai riƙa ɗaukar hoto yana kallon yadda yake daskarewa, ya kuma wanke ƙwaryar tas da ruwan zafi da sabulu. Tagar nan kuwa rana take kallo tun daga azahar, ga zafin garin nan da ba ya ɗaga ƙafa.

Da ta tashi, ruwa ya rabu da nono, sama ta yi rawaya, warin kuwa ba a magana. Ta gwada tayar da shi sau uku, madara tana tsinkewa.

"Wallahi obzabeshan kawai nake yi," in ji Datti, murya ƙasa-ƙasa. "Bari in je kedai, kantin nan na ƙasa, in sayo yogot, ai bakteriyar ɗaya ce."

"Malam," ta ce, "na kanti ba Inna ce ta ba ni ba."

Ni kam raina ya ɓaci, har na so in gaya masa cewa da digirin nan nasa gara faifai. Na haɗiye, na kama waya. Hureira ta sha raba iri ga matan Hausawa, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Murja ta Kampung Baru ta ce yara sun shanye. Kausar ta Titiwangsa ta ce nata ya mutu tun azumi. Kowacce dai ta saki jiki ne saboda ta san Hureira tana nan.

Ina baranda ina ta faɗa ni kaɗai sai Ankul Perumal ya leƙo ya tambayi lafiya. Na faɗa masa. Ya shige, ya fito da wani ɗan kofin silba sanye da baƙar safa. Wai bara, da matarsa ba ta da lafiya, Hureira ta aika musu da nono. Matar ta ce rabonta da irinsa tun na kakarta, ta rage cokali ta ci gaba da haɗawa. Matar ta rasu, shi kuma bai iya barin nonon ya mutu ba.

Na ƙwanƙwasa wa su Hureira, tsohon yana bayana riƙe da kofin. Datti ya dubi safar, ya dube ni, don ya san kwalaben giya ne maƙwabtan kofin a kabad.

"Hureira," in ji shi, "kin san fa inda ya kwana."

Ita ba ta kula shi ba. Tsohon ta tambaya: "Ankul, wani abu ya taɓa shiga ciki?"

"Ko ɗigo. Shi shelf ɗinsa daban, cokalinsa daban. Boleh, ba matsala, ɗauki."

Ta karɓa da hannu biyu, ta juya wa rana baya, ta ɗaga murfin kaɗan. Ta lakato da ɗan yatsa, ta janye takunkumi, ta ɗanɗana. Mu uku muna tsaye muna kallon bakinta. Sai ga hawayen da ban gani ba ranar rasuwa.

"Ita ce," ta ce. "Malam, miƙo min zanen."