Moton Kawu a Inuwa

Na daɗe ina kabu-kabu a Zango, ina ɗaukar fasinja a babur, wanda muke ce wa moto, amma moton ba nawa ba ne. Na kawuna ne, yayan mahaifiyata, mai shagon atamfa. Kullum da yamma in kai masa kasonsa, abin da ya rage shi ne na cefane.

Kawu yana da hanyarsa ta auna mutum. In ya tarar da moton a ajiye, ba ya tambayar kowa. Sai ya sunkuya ya ɗora bayan hannu a kan inji. In da zafi, kana nema. In da sanyi, kai malalaci ne. Da haka ya karɓe makulli daga wanda ya riƙe moton kafin ni, a gaban mutane.

Shi ya sa nake yawo daga asuba har magariba. Da fasinja da babu ina kan titi, ina ƙona esansi, wato fetur, ina yi wa duk wanda ya tsaya oda. Wata rana na kai wani mutum da buhunsa har garin Dogo, na dawo gida na kasa sauka. Bayana ya riƙe. Da na je wurin likita aka ce in ban rage zama a kan moto ba, wata rana ɗauko ni za a yi. Na ce to, in rage in ci me?

Ina kwance a tabarma na gane yawancin yawon nan aikin banza ne. Masu amfani su ne masu zuwa wuri ɗaya kullum. Da na miƙe, na sami wata madam mai aiki a biro, wato ofis, da wani malamin lakwal, makarantar boko ke nan, da mai gidan burodi da ke son a raba wa masu shayi. Muka shirya biyan wata-wata, ni in same su a ƙofar gida, ba sai sun tsaya a rana ba. Da hantsi na gama. Sai lokacin tashi daga aiki in je in kwaso su. Esansi ya ragu, abin da ke kwana a aljihuna ya fi na da, har na koma yin salla ba tare da dafa bango ba. Kawu kaɗai ban gaya wa ba. Na san abu ɗaya zai ji, moto a ajiye.

Ranar da abin ya faru, ina miƙe a kan bencin mai shayi, moton yana inuwar dogon yaro, makulli a jiki. Kawu ba ya bin layin nan, gaisuwar mutuwa ce ta biyo da shi. Kafin in tashi har ya taɓa inji, ya zare makullin.

"Sannu da hutawa, Alhaji," in ji shi. Ni ko Makka ban taɓa zuwa ba.

"Kawu, ina wuni."

"Lafiya lau. Wannan moto ne ko randa?"

Mai shayi ya daina fifita wuta. 'Yan kabu-kabun da ke wurin kowa ya sunkuyar da kai.

"Kawu, na taɓa kawo maka kasonka da giɓi?"

"Ban tambaye ka ba. Akwai ɗan maƙwabcina, kullum yana ƙofar shagona yana roƙon moton nan. Shi ba ya ciwon barci."

Ya sa makullin a aljihu. Ina da furfura, ina da iyali, amma na durƙusa a gabansa, bayana yana suka. Sai salulata ta yi ƙara. Madam ce, muryarta har bakin titi.

"Malam, na fito fa. Kana ina?"

"Ga ni nan tafe, Madam."

Na faɗa ne kawai, ban san da me zan tafi ba. Kuma na san ta, in ta hau wani moton yau, gobe ba ni ba ne.

"Wace ce?" in ji Kawu.

Na zayyana masa komai a gurguje, har da maganar likita. Ta likitan ta wuce shi, ko kai bai ɗaga ba.

"Wato a kwance kake samun abin da ya fi na da."

"E, Kawu."

Ya tsaya yana kallon moton. Salula ta sake ƙara, ban ɗauka ba.

"To daga yau kasona ya ƙaru," in ji shi. Ya faɗi ƙarin, kusan rabin abin da dabarar ta jawo mini. "In ka yarda ga makulli. In ba ka yarda ba, ka ci gaba da hutawa."

Ban yi ciniki ba, babu lokaci. Na miƙa hannu biyu na karɓa.

Na sami Madam a ƙofar biro, har wani ya tsaya a gabanta yana mata oda. Ta harare ni, ta hau nawa. Da yamma na kai wa Kawu sabon kason. Washegari da hantsi na koma kan bencin nan na miƙe bayana, makulli a aljihuna.