Tunkiyar Iya da Fatar Dorina

Shekaranjiya da la'asar na tarar ana yi wa Sani maƙwabcina dariya a fada, inda muke taruwa shan shayi. Sani jita yake kaɗawa a gidajen biki, wai kuma ya aika har Yamai an sayo masa ɗan abin nan da ake bugun tsirkiya da shi, wanda suke kira mediyato. Na roba suna nan a butik, kantin unguwa, kamar a ba ka kyauta, shi kuwa ya zuba abin da zai riƙe gidansa kwana da kwanaki a kan guda ɗaya tak. Ya rantse ya maya cewa sautin ba ɗaya ba ne. Sai aka juyo gare ni, tunda ni ne mushe, malamin makaranta, wai in raba gardama: abin ya ci kuɗinsa, ko wayo aka yi masa? Na buɗe baki zan yi magana, sai na fasa. Na ce musu ina da aikin yaran lakwal da zan duba, na taho gida.

Gidan nan namu ni kaɗai ke kwana cikinsa yanzu. Iyalina suna Maradi saboda karatun yara, 'yan'uwa kuwa wasu na Agadas, wasu ma ban san inda suke ba sai sun kira. Amma akwai lokacin da tsakar gidan nan ba ta ɗaukarmu. In sanyi ya shigo, da an ci tuwo an yi isha'i, kakarmu Iya Gwamma za ta tara kara da busasshen kashin shanu a bakin ɗakinta ta hura wuta, mu jikoki mu kewaye ta muna tura gujiya cikin toka. Ni ta fi tsokana. Sunan mijinta aka sa mini, Lawali, saboda haka ba ta taɓa kirana da sunana ba. Macen zamaninta ba ta faɗin sunan mijinta, ko da wasa. Angona take ce mini, shi kuwa in maganarsa ta taso sai ta ce “mutumen can”.

Mutumen can shi ne Baba Tsoho, makaɗin garaya, wanda ya yi wa maharba kiɗa tun yana saurayi. Ba ya zama cikinmu. Wurinsa bayan zana ne, a kan buzunsa, da garayarsa a cinya. Ba ka ganinsa, sai dai ka ji tarinsa.

Duk mai garaya da ɗan ƙirgi yake bugun tsirkiya, guntun busasshiyar fatar saniya da za ka roƙa wurin mahauta su ba ka ba tare da sun dube ka ba. Na Baba Tsoho daban ne. Fatar dorina ce, bai fi ɓarin goro girma ba, baƙi wuluk, yana ƙyalli. Mu nan ina muka ga kogi, balle dorina? Wani baƙo ne daga wajen Gaya, can bakin kogi, ya zo da ita kasuwa tun kafin a haifi babanmu, Baba Tsoho ya gwada ya kasa ajiyewa. Bai da abin biya, sai ya shigo gida ya kwance tunkiyar da Iya ta zo da ita daga gidansu a Korahane, da cikinta, ya kai. Hujjarsa ita ce ƙirgin saniya yana shan gumi ya yi laushi ana tsakiyar kiɗa, da damina ma lanƙwashewa yake, na dorina kuwa ba ruwansa, kuma yana fito da muryar garaya da kauri. Iya ta ce ita kunnenta bai taɓa jin bambanci ba, abin da ta sani kawai turken tunkiyarta ya zama wayam.

Da yake ba ta iya tsayawa gabansa ta faɗa masa, sai ta mai da abin tatsuniya. Tana da yadda take buɗewa. Sai ta ce, “Ga ta nan tafe, ku matsa mata.” Mu ce, “Ta zo, ga tabarma.”

Wai an yi wani makaɗi, kansa babba amma ba kowa a ciki. Ya ja tunkiyar matarsa ya yi ta tafiya har bakin kogi, ya yi wa Dorina sallama ya ce yana son ɗan yanki daga wuyanta. Dorina ta dube shi ta dubi tunkiya, ta ce a yi musaya. Ya dawo gida yana taƙama. Da ya buga garaya, zomo ya fito, barewa ta fito, har kura ta zo tana rawa da ɗingishi. Amma da gari ya waye yara suka nemi nono, babu. Sai matar ta ɗauki guntun fatar ta jefa a tukunya, ta yi ta hura wuta har itacen gidan ya ƙare, fata ta ƙi nuna. Ta zuba masa a akushi ta ajiye gabansa.

A nan Iya ke ɗaga murya, ta karkata kai wajen zana. “Ta ce mishi, to malam, ga kiɗanka nan, ci ka ƙoshi.”

Sai ta yi shiru. Mu ma mu yi shiru, muna danne dariya, don mun san abin da ke zuwa. Daga bayan zana sai ka ji garaya ta yi gurum, gurum, sau biyu, da wannan murya mai kauri da kake ji har cikin ƙirjinka.

“Kun ji ko?” in ji Iya. “Ni ban kama sunan kowa ba, wani ya tsargu.”

Ba a yin mako ba ta ba mu wannan tatsuniyar ba, kuma bai taɓa fasa amsawa ba. A lokacin na ɗauka faɗa suke yi.

Ina aji na tsakiya a lakwal Baba Tsoho ya rasu. Garayar ba ta daɗe ba, gara ta cinye ƙoƙon. Ɗan ƙirgin ne Iya ta ƙulle a bakin zanenta. Shekarun da suka biyo baya damina ta yi ta gardama, gida ya fara watsewa. Kawu ya kwashe nasa ya yi kudu, gwaggo ta bi mijinta, 'yan matan aka yi musu aure. Da'irar bakin wuta ta yi ta tsukewa har ya rage daga ni sai ita. Wallahi na sha jin kunyar zaman, ga ni na fara zama saurayi, amma in na tashi wa zai ce mata ga tabarma?

Ba ta bar tatsuniyar ba. Tana ba ni ita kamar da, da Dorina da kura mai ɗingishi. In ta kai wurin “ci ka ƙoshi” sai ta karkata kai wajen zana ta yi shiru, kamar yadda ta saba. Shirun nan ne na fi tsoro a duniya. Ba abin da ke motsi sai kara yana ƙonewa. Can sai ta ce, “Tatsuniya ta ɗauki takalminta,” ta fara rufe wuta da toka.

Na lura duk lokacin da take magana hannunta na dama yana cikin bakin zane. Wata rana na tambaye ta, ta kwance ta miƙo mini. A gefe guda na fatar akwai gurbi, inda babban yatsan Baba Tsoho ya yi shekaru yana dannawa har ya lotsa. Na sa nawa yatsan, ya nutse ciki da sauran fili.

“Duk zamanmu ban taɓa riƙe hannunshi gaban mutane ba,” ta ce. “Yanzu ga shi ina riƙewa, ba mai ce mini komi. Kawo, Angona, kar ka ɓata mini.”

Ran wata kasuwa da yamma sai ga sallama. Ɗan Tani ne, makaɗin garaya daga Birnin Lalle, wanda ya taɓa bin Baba Tsoho yawon kiɗa. Yana janye da tunkiya fara, ga ɗanta yana bin ta. Ya durƙusa ya gaishe da Iya, ya ce ya san abin da aka ba da a kan fatar nan, ga shi ya kawo, har da riba. Ya ce abin kiɗa in ba a kiɗa da shi mutuwa yake yi, shi kuma ya yi alkawarin duk inda ya buga sai ya ambaci mai shi.

Babanmu ya kasa ɓoye murnarsa. Rumbunmu a lokacin ana ganin ƙasansa, kuma ko akuya ba mu da ita. Ya matso kusa ya ce a hankali, “Iya, tunkiyarki ce fa ta dawo. Shekara nawa kina kukanta?”

Iya ta dubi tunkiyar ta daɗe. Sannan ta kwance bakin zane. “Shi buga in ji tukuna,” ta ce.

Aka hura wuta, Ɗan Tani ya zauna ya gyara tsirkiya. Bugun farko da ya yi, na gane. Muryar ce. Ba ta cika daidai ba, amma ta yi kusa ƙwarai, kamar ka ji takun wanda ka sani a zaure. Iya ta rufe ido, kanta ya karkata wajen zana da kansa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kuma na san a ranta ta riga ta ba da. In ta ba shi, muryar nan za ta ci gaba da yawo a duniya, ran kasuwa ma zai iya biyowa ya buga mata.

Sai ɗan ƙirgin ya suɓuce masa. Ya ɗauka ya ci gaba, ya sake suɓucewa. Ya juya shi a hasken wuta ya yi 'yar dariya. “Yatsan marigayi ya fi nawa faɗi, Iya. Bari in ɗan kankare nan shi zauna mini.” Ba da mugunta ya faɗa ba, haka kowane makaɗi ke yi da sabon ƙirgi. Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya ɗora bakinta daidai kan gurbin.

“Na Lawali ne.”

Ba ta yi ihu ba. Amma babanmu ya sunkuyar da kai kamar an mare shi, Ɗan Tani kuma ya tsaya da wuƙa a hannu. Sunana ne ni ma, sai dai na san ba ni take kira ba. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta.

“Yatsan Lawali ne a nan,” ta sake cewa, ta miƙa tafin hannunta. “Ba ni. Ka yi haƙuri, ɗan nan, ka koma da dabbarka.”

Ya miƙa mata da hannu biyu. Muna ji tunkiyar tana kuka har suka sha kwana. Babanmu ya shige ɗaki, kuma ya yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa su. Da muka rage mu biyu na ce mata, “Iya, ba ke kika ce ba ki jin bambanci ba?”

“Tun ran da ya kawo ta na ji,” ta ce. “In na faɗi, da mi zan tsokane shi?”

Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, har ta ga na zama mushe. Tunkiya dai ba ta sake mallaka ba, garaya kuma ba ta sake shiga gidan nan ba. Kullum hannunta na cikin bakin zane, tana murzawa, tana murzawa. Da ta rasu matan da suka yi mata wanka suka kwance ƙullin, suka ce ta bar wa Angonta.

Ban buɗe shi da wuri ba. Ran da na buɗe, na sa babban yatsana a gurbin, ina tsammanin yanzu da na girma zai zauna daidai da na mai sunana. Ya ƙi shiga. Faffaɗan gurbin nan da na sani ya shafe, gefunansa sun sulɓe, a tsakiya kuma ga wani ɗan ƙarami mai zurfi, na siririn yatsa. Ta hana wuƙa ta taɓa shi, ta mai da tunkiya da ɗanta, ta haƙura da muryar da ta fi so a duniya, sannan da hannunta ta goge shi kaɗan-kaɗan saboda ta kasa daina riƙewa. Na daɗe ina tambayar kaina ko ta sani. Ina jin ta sani, don wanda ke murza abu kullum ba ya rasa jin ya sauya. Ta ci gaba ne kawai.

Wannan ne abin da na kasa faɗa a fada. Da na ce wa Sani sautin gaskiya ne, ba kunnensa ke yi masa ƙarya ba. Da na ce masa kuma ya yi ta bugawa da abinsa har ya lotsa, kada ya adana shi, kuma in matarsa ta yi masa gori a kai ya riƙa amsa mata. Amma yaya zan faɗi haka ana ta dariya ana zuba shayi?

Jiya bayan isha'i na tara 'yan karare a bakin ɗakin Iya na hura wuta, abin da ban yi ba tun rasuwarta. Daga can bayan katanga ina jin Sani yana gwada jitarsa. Na fito da ɗan ƙirgin na riƙe shi ta gefe-gefe, kamar yadda na saba, don kada in ɓata mata gurbi. Na ce, “Ga ta nan tafe,” ba wanda ya ce ga tabarma. Na jira har karan ya cinye. Sannan na sa ƙaramin yatsana a wurin nata, shi kaɗai ke shiga, na fara murzawa.