Malama Angelina da 'Yar Fari

A Kazaure aka haifi Malama Angelina. Mahaifinta kafinta ne da ya zo daga kudancin Kaduna, ya zauna har furfura ta riske shi. Ta daɗe tana koyar da lissafi a wata firamare da ke gefen Roni kafin a ɗora mata aikin ba yara shawara. Ba a ba ta ofis ba. Benci ta ja zuwa bayan ajin 'yan shida, inda inuwa ke daɗewa, ta ce duk mai damuwa ya same ta a nan. Yara suka riƙa zuwa, wani da ƙarar aboki, wata da tsoron malami, wani kuwa yunwa ce kawai ke hana shi gane karatu.

Adda ba ta taɓa zuwa ba. 'Yar aji huɗu ce daga wata ruga da ke bayan dutse. A da tana cikin na gaba-gaba, bana kuwa ta koma ta ƙarshe. Malamin ajin ya ce taurin kai ne, ana yi mata magana tana karkata kai gefe. Mahaifinta, Sama'ilu, ya aiko cewa in ta maimaita aji to ta gama boko, ta dawo ta kama tatsa. Jarrabawar ƙarshen shekara kuwa ta matso.

Angelina ta zaunar da yarinyar, ta yi tambayar duniya, ba ta samu komai ba sai murmushi. Ta aika a kira uwar. Uwar, Tasalla, ta zo ranar kasuwa da ƙwaryar nono a kai, suka gaisa, amma ana ambatar sunan Adda sai ta kau da fuska.

"Me ke damunta a gida?"

"Ban sani ba, Malama."

"'Yarki ce fa!"

Tasalla ta ɗauki ƙwaryarta ta yi sallama.

Rai a ɓace Angelina ta sami hedimasta, Malam Muhammadu Lawal. "Ranka ya daɗe, matar nan ko a jikinta."

Ya yi dariya har da riƙe hula. "Haba Malama, ke haifaffiyar Kazaure? 'Yar farinta ce. Ko sunanta ba za ta kama ba, balle ta zauna ta yi miki hirarta. Ku a cikin gari an fara sakin abin, su suna nan riƙe da kunyarsu."

Ranar Asabar Angelina ta hau acaɓa har rugar. Ta tarar da Tasalla tana kaɗa nono a gindin tsamiya, ta nemi wuri kusa da ita ta zauna. Sai da suka gama gaisuwar shanu da ta damina sannan ta ce, "'Yar'uwa, shawara na zo nema. Akwai wata yarinya a makarantarmu, 'yar wasu mutane can wajen Gwiwa. Tana da ƙoƙari, sai kwatsam karatu ya gagare ta. Ke da kika san yara, me kike gani?"

Tasalla ba ta ɗago ba, hannunta dai ya rage sauri.

"Wataƙila ta yi zazzaɓi mai zafi da bazara."

"Ta yiwu."

"Irin wannan yakan tafi da kunne. Na hagu. In aka tsaya mata ta dama tana ji sarai."

"Mahaifinta ya sani?"

"Wa zai faɗa masa, Malama?"

Angelina ta tuna wurin zaman Adda a aji: can baya, kunnenta na dama manne da bango. Ba ta bar rugar ba sai da Sama'ilu ya dawo daga kiwo. Ta faɗa masa abin da ta gano, ba ta ce daga bakin wa ta ji ba. Ya yarda a kai yarinyar asibiti a Kazaure, amma maganar maimaita aji tana nan yadda ya faɗa.

Likita ya ce kunnen ba zai dawo ba. Angelina ba ta tsaya jimami ba. Ta mayar da Adda layin gaba ta gefen hagu. Malamin ajin ya yi ƙunƙuni cewa ana ɓata masa tsari, ta ce ya yi haƙuri, ta kuma roƙe shi ya daina magana yana fuskantar allo. Kullum lokacin hutun tara takan zauna a daman yarinyar, su bi darussan da suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Wata rana abin ya shiga, wata rana Adda ta yi ta kuka a kan lissafin rabawa. Angelina takan jira ta share hawaye, su sake daga farko.

Ranar da aka ba da sakamako Sama'ilu ya zo da kansa, ya jingine kekensa a bakin ƙofa, ya ƙi shiga.

"Malama, yaya?"

"Ba ta zo ta ɗaya ba, Malam Sama'ilu. Tana tsakiya. Amma ta wuce zuwa aji biyar."

Ya dubi 'yarsa, ya zagaya ta damanta, ya ce, "To, sai ki ci gaba."