Cinyar Ragon da Yaya Bello Ya Zubar

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Inna Ige, mai tuwo a tashar Illela. Na so in tuna ta da addu'a kawai, amma abin da idona ya gani watan jiya ya hana ni yin shiru.

An yi wa ƙanena Sanusi haihuwa. Ranar suna ya ba ni cinyar rago a kwano in kai wa yayanmu Bello a Amarawa, tunda bai zo ba. Matarsa ta karɓa, kanta a sunkuye. Har na kai bakin hanya na tuna na bar jakata, na koma. Sai ga Yaya Bello a bakin juji yana juye kwanon, karnuka sun fara taruwa.

"Yaya, mi kake yi haka?"

"Yankan Sanusi mushe ne. Malaminmu ya ce mutanen masallacinsu sun bar Musulunci."

 Shi da Sanusi nono ɗaya suka sha fa! Ga shi katanga ce kawai tsakaninsa da wata baiwar Allah mai marayu, waɗanda rabonsu da nama tun layya.

Inna ba ta yi karatu mai zurfi ba. Direbobin Ƙonni, Fulani masu shanu, Kiristocin kudu masu lodin albasa, duk benci ɗaya suke zama a rumfarta. In gardamar addini ta tashi, tuƙin tuwonta take yi. Sau ɗaya na ji ta tanka wa wani da ya cika mata rumfa da kafirta mutane. Ta ce, "Malam, ni ban san littafi ba. Kawo min matarka da maƙwabcinka, su za su gaya min addininka."

Da tana raye, ban san da wane ido za ta dubi ɗanta na fari ba. Sallarsa ta ƙaru, gaskiya ne, amma zumunci ya mutu a hannunsa, kuma yana ganin lada ya samu.

Har yau tsofaffin direbobi kan tare ni a tasha, Musulmi da Kirista, kowa ya yi mata addu'a da irin bakinsa. Babu wanda ya taɓa tambayata wane malami take bi. Ni kaina da ta haifa, ban sani ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya shirya mana Yaya.