Takenmu a Hannun Bature

Makaɗin gidanmu a Argungu tsoho ne mai kalangu, kuma labari guda ya jawo masa sunan maƙaryaci. Ya ce wata shekara wani Bature ɗan Ingila ya ratso hamada da mota, ta lalace masa a bakin gulbi, ya kwana uku a wurinsa. Wai shi ma makaɗi ne a ƙasarsu, ganguna barkatai yake bugawa lokaci guda, hannu biyu, ƙafa biyu. Wai ya kaɗa gorar masunta, ya kaɗa tukunyar miya, ya faɗa ruwa da takalmansa, ya kwashi tuwon shinkafa da sandar kiɗan ganga. Kafin ya tafi kuma sai da ya koyi takenmu.

Kowane gidan masunta yana da takensa, wato ɗan kiɗan da idan aka buga, maigida zai miƙe tsaye ya amsa da kirari. Babana yana wajen kamun kifi a Yauri lokacin, bai ga Baturen ba, kuma mutum ne mai taurin kai, ni ma na gada. Ya ce wanda bakinsa ke shara ƙarya, yabon kalangunsa ma ƙarya ne. Daga nan ya daina miƙewa. Tsohon zai zo ranar suna ko biki ya buga takenmu har gumi ya jiƙa shi, baba yana zaune yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Abin yana ci mini rai, amma ni ma ban gaskata labarin ba.

Da aka ba mu jihar Kebbi aka dawo da ni aiki daga Sakkwato, na kama ɗaki a unguwar Badariya da ke babban birnin jihar. Wani abokin aikina ya ara mini kaset ɗin bidiyo na mawaƙan Turawa. A ciki na ga wani siririn Bature ya rufe ido, ya buɗe baki kamar mai shan wahala, ganguna sun kewaye shi. Sauran suka ja da baya suka bar masa fili. Wallahi ban taɓa ganin kiɗa irin wannan ba, mutum ɗaya amma sai ka rantse mutum huɗu ne. Can tsakiya na ji wani abu da ya tayar mini da tsikar jiki.

Ranar Asabar na ɗauko baba da tsohon daga Argungu, ban gaya musu dalili ba. Bayan la'asar na kunna.

"Mi ag ga wanga mahaukaci?" in ji baba. "Kashe shi, kaina na ciwo."

Tsohon ya matso gaban talabijin har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Sai Baturen ya sassauta hannu, ya koma kan ƙaramar ganga, ya saki takenmu tsaf, har da ɗan tsayawar nan da tsohon yake yi kafin bugun ƙarshe.

Ban ga lokacin da baba ya tashi ba. Na dai juyo na gan shi tsaye, ya ɗaga hannu, kirari yana fita daga bakinsa. Da ya gama ya cire hularsa ya ɗora a kan tsohon.

"Gobe ka taho da kalangu," ya ce.

Tsohon ya share ido da bakin riga. "Wurin tsayawan nan yab ba ni wuya," ya ce. "Kwana biyu nay yi ina koya mai."