Man Shanun Inna da Gas ɗin Mota

Shekarar da ƙanwata ta yi haihuwar fari a Kaduna, ana tsakiyar bazara ne, zafin da ko kaji sai sun saki baki suna haki. Inna, mahaifiyarmu, ba ta damu da atamfa ko turare ba. Abu ɗaya ta sa a gaba: man shanu. Aminiyarta, wata Bafulatana daga wajen Tabanni, ta kawo mata shi ɗanye, curi-curi, yana yawo a kan nono cikin ƙwarya. Na ce a soya a zuba a kwalba mu huta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai dai ba ka san komai ba. A gidan surukai zan soya shi da albasa, ƙamshi ya cika unguwa, su san 'yata tana da uwa."

To, hanyarmu ta Birnin Gwari zuwa Kaduna kowa ya san ta. Ga ramuka, ga jiran rakiyar jami'an tsaro cikin rana. Esin motata kuwa, wato na'urar sanyaya iska, ya daɗe da daina sanyi, iska mai zafi kawai yake hurawa. In muka tafi a haka, man nan narkewa zai yi ya cakuɗe da nonon.

Na kai motar wurin mai gyaran firji da na saba da shi a bakin kasuwar Birnin Gwari. Ya gano inda gas ke zurarewa, ya toshe. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Oga, gas ɗin firji kaɗai ya rage mini. Na motarka 134 ne, ga shi a rubuce a ƙarƙashin bonet. Wannan na hannuna mai kama wuta ne, kuma kwamfuresa mai tura gas ɗin ba za ta yafe maka ba. Sai dai a kawo daga Kaduna."

Na buga wa wani abokina direba waya ya taho da gwangwanin gas ɗin daga Kaduna, na koma gida na ce wa Inna sai mun ƙara kwana. Wayyo ni! Ta ce gas ai gas ne, ga tukunyar gas ɗinta ta girki cike, in ɗauka a ɗura.

"Haba Inna! So kike mu isa Kaduna a gashe?"

Ba ta yi dariya ba. Ta binne gindin ƙwaryar a jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, ta rufe da zane mai danshi, tana yi mata fifita tana yi mini harara. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, don wallahi ni ma tsoron narkewar man nan nake ji.

Washegari gwangwani ya iso. Mai gyara ya duba lambar jikinsa, ya duba ta bonet, ya zuƙe iskar da ke cikin bututu, sannan ya ɗura. Na sa hannu a bakin esi, sai da na yi kabbara.

Ita Inna fa ba ta ƙaunar esi ko kaɗan, ta ce shi ke tayar mata da ciwon gwiwa. Lokacin da yake aiki, kullum ta shiga motata, "Kashe abin nan" ce gaisuwarta. Amma ranar tafiya sai ga ta da rigar sanyi, da safa, da bargo, a tsakiyar bazara! Ta zauna gaba, ƙwarya a cinya, ta karkato duk bakunan esin kan ƙwaryar. Inda muka tsaya jiran rakiya, mutane na sharce gumi suna leƙen tsohuwa cikin bargo. Da muka shiga daji na ji haƙoranta na karo, na miƙa hannu in rage. Ta make mini hannu.

"Ƙara!"

Da muka isa, ta ɗaga faifan da ta rufe ƙwaryar da shi. Curi-curin nan suna nan daram, ko ɗaya bai saki ba. Aka ce mai jego tana barci. Inna ta ce kada a tashe ta, ta wuce kicin tana ɗingishi, ta nemi albasa.

Ina zaune a tsakar gida ƙamshin ya tashi. Matan maƙwabta suka fara leƙowa. Can sai labule ya motsa, ƙanwata ta fito da jaririya a kafaɗa, ko ɗankwali babu. Ba wanda ya gaya mata mun iso. Ta ja numfashi, idanunta suka cika da hawaye.

"Inna ta zo," ta ce.